Gaisuwar da Kamfani Ke Biya

A Bagudo kowa da abin da yake sayarwa. Wani shinkafa, wani kifi, wani fetur a galan, wani kuma ƙarya tsagwaronta. Amma mai sayar da lokaci mutum ɗaya ne a duk garin, Barista Saifuddeen. Daga Abuja ya kwaso wannan sana'a, inda ya yi 'yan shekaru yana riƙe wa manyan lauyoyi jaka. Can ya ga ana rubuta duk mintin da lauya ya ɓata a kan aikin mutum, ƙarshen wata a miƙa masa takarda ya biya. Da ya dawo gida ya gwada wa mutanenmu, suka yi masa dariya. Mutumin da zai kawo maka zakara a kan rigimar gona, ina ruwansa da minti? Sai Allah ya jefo masa wani kamfanin sayen shinkafa daga Legas, irin waɗanda ke biyan lauya da awa ba gardama. Tun daga ranar, agogon bango ya fi kowa daraja a ofishin.

Ƙarƙashin wannan agogo aka zaunar da Fatiha, 'yar wansa marigayi Haliru. Barista ne ya ɗauko ta daga Lolo da ta gama sakandare, ya ce zai koya mata aikin akawun lauya, kada duniya ta ce sun yar da marainiya. Da safe ta share gidansa, ta wanke kwanonin matarsa, ta yi wa yara wanka, sannan ta sa hijabi ta tafi ofis a koya mata aiki.

"Wasiƙar lauya ba ta gaisuwa," in ji Barista, yana tsaye a kanta tana gaban kwamfuta. "Ba ina gajiya, ba ya iyali. Kwanan wata a sama, sai sunan wanda ake rubuta ma, sai kan magana da manyan baƙaƙe. Daga nan ki ce an umarce mu. Kada ki taɓa cewa ni. Lauya bai da ni, kullum wani ne ya sa shi."

"To in ba wanda ya sa shi fa, Baffa?"

"Nan ba Baffa nike ba, Barista nike. In ba wanda ya sa shi, sai ya nemo."

Ya kuma miƙo mata wata takarda mai layi-layi. "Wannan ta lokaci ce. Duk abin da kinka yi ma kamfani, dubi agogo in kin fara, dubi agogo in kin gama, ki rubuta. Waya, rubutu, tahiya, har tunani."

"Har tunani?"

"Shi ya fi tsada."

Gaskiya Fatiha ta so aikin. Kanta yana ja, hannunta yana da sauri, kafin damina ta faɗi ta iya tsara wasiƙar da in mutum ya karanta sai cikinsa ya ɗuri ruwa. Har ta fara hango kanta wata rana a Birnin Kebbi da nata tebur, tana aiko wa Inna abin cefane.

Ana nan wata Litinin Barista ya ajiye mata fayil a gabanta. An rubuta a bayansa, Gidan Lolo.

Ba sai an yi mata bayani ba, a gidan aka yanke mata cibiya. Filin kakanta ne, Malam Zayyanu, yana daf da kasuwa. Ubanta ya gina ɗakunan da kuɗin kamun kifi. Sai dai Haliru ya yi kuskure guda wanda 'yan'uwansa ba su yafe masa ba kuma ba su daina godiya a kansa ba: ya riga tsohonsu mutuwa. Da tsoho ya bi bayansa bara, gado ya sauka a kan 'ya'yan da ke raye, Alhaji Ɗanmaliki da Barista. Jika ba ta da kaso, matar ɗa balle ita. Su kuma suka sayar wa kamfanin nan zai gina sito, da sharaɗin a miƙa gida ba kowa a ciki. Kuma kowan da ke ciki mutum ɗaya ce, Sabuwa, uwar Fatiha, mai bandar kifi.

Barista ya ci rabonsa na gado, ya juyo ya karɓi aikin fitar da ita a matsayin lauyan kamfani. Allah ya ba shi hannu biyu, bai ga dalilin barin ɗaya ya zauna haka nan ba.

"Rubuta," ya ce. "Zuwa ga mazauniyar gida."

"Inna ce fa."

"A gida Inna ce. A fayil mazauniya ce. Ci gaba."

Ta rubuta. Ya duƙo ya karanta, ya ga inda ta sa muna roƙon ki, ya ja tsaki. "Wa ke roƙo? Almajirai muke? Goge. Sa ana sanar da ke." Ta goge. Firinta ta tofo takardar, ya sa hannu, ya buga hatimi da ƙarfi kamar yana kashe kunama.

"Ke za ki kai, tunda ba ta jin Turanci, ki karanta mata da Hausa. Ga kuɗin mota. Ki fara ƙirga lokaci tun daga tasha. Inda ake rubuta irin aikin da anka yi, ki sa tattaunawa da mazauniya."

Ranar kasuwa Fatiha ta sauka a Lolo. Ta tarar da uwarta a bayan ɗaki tana juya kifi a kan waga, ragar ƙarfen da ake banda a kai, hayaƙi ya rine mata ido. Sabuwa ta ga ɗiyarta ba salla ba biki, ta saki guɗa, ta jawo tabarma, ta zaɓo tarwaɗa mafi ƙiba ta ɓare mata da hannunta. Fatiha ta saci kallon agogon wayarta, ta ci loma biyu, ta ciro ambulan.

Ta karanta kanta a ƙasa. Da ta kai ƙarshe Sabuwa ta ce, "Wa ya rubuta?"

"An umarce mu ne, Inna."

"Ban tambaye ki wa ya umarta ba."

"Ni ce."

"To madalla. Karatu ya yi rana." Ta karɓi takardar, ta juya ta gaba da baya. "Ga ta fes kuwa, ko datti babu. Ki ce ma Baffanki na ji. Ki kuma ce mai ruwan da anka kwaɓa ƙasar ɗakin ga, ni na ɗebo shi daga gulbi ina ɗauke da cikinki. In ya iya raba ruwan da ƙasar, ya ba ni ruwana ya ɗauki ƙasarshi. In bai iya ba, ina nan."

Kafin ta koma Bagudo, Fatiha ta biya ta shagon Alhaji Ɗanmaliki, babban baffanta, ta durƙusa tsakanin buhunan shinkafa ta yi masa kuka.

Alhaji ya ja carbi, ya girgiza kai cikin tausayi. "Ɗiyata, ni na ɗauki ran Haliru kafin na Baba? Ni na kife jirgin? Hukuncin Allah ne. Mun tambayi malamai, ba ɗaya ba ba biyu ba. Wallahi har na so in ba ta wani abu, sai na ji tsoro kada ya zama ina gyara ma Allah rabo."

"Baffa, ko ɗaki guda a bar mata."

"Ɗaki guda cikin sito? Ki so ma uwarki kwana da ɓeraye? Haba, Fatiha. Mu mun fi ki tausayinta."

A gida ma matar Barista, Anti Bashira, ta ba da tata gudummawar tana yanke farce. "Mace ita kaɗai cikin ƙaton gida bakin kasuwa, ai ko don mutuncinta ta tashi. Taimakonta ake, ba ta gane ba. Ɗauko min ruwa."

Fatiha ta kwana tana tunani, wanda bai shiga takarda ba. Da safe ta tsaya gaban Barista, ta tattaro ƙarfin hali, ta ce Inna na bukatar lokaci, kada a yi mata gaggawa. Ta shirya jin tsawa. Sai ta ga fuskarsa ta washe.

"Kin yi magana. Tsoho ba a tura shi. Mako mai zuwa ki koma ki ƙara lallashinta. Ki zauna sosai, kada ki yi sauri."

Yarinya ta fita tana hamdala, wai zuciyar Baffa ta yi laushi, jini ya motsa.

Daga nan duk ranar kasuwa tana Lolo. Ita da a da sai salla take ganin uwarta, yanzu ga kuɗin mota daga ofis, ga izini. Ba ta lallashin kowa. Takan taya Inna fasa itace, ta wanke kifi, ta yi mata kitso, su yi hirar mutanen unguwa har rana ta karkata. In za ta tafi ta duba waya, ta rubuta. A ranta tana ganin wayo take yi wa Barista, tana saya wa uwarta kwanaki a gidan mijinta. Shi kuwa in ta miƙa masa takardar, sai ya bi layin da yatsa yana murmushi kamar manomin da ya leƙa gona ya ga ta yi kyau.

"Taurin kai gare ta, ko?"

"Sosai, Barista."

"Allah ya ƙara mata lafiya."

Alhaji Ɗanmaliki ne bai da wannan haƙurin, don kamfani ya riƙe cikon kuɗinsa sai an miƙa gida. Ya fara aiko yara. Suka cire ƙyauren zaure, wai za a gyara. Suka kwance kwanon ɗakunan da ba kowa, wai kada ya yi tsatsa. Tifa ta zo ta juye yashi a bakin ƙofa, sai Sabuwa ta hau tudu ta gangara kafin ta shiga gidanta. Aka sare mangwaron da take zama ƙarƙashinsa, reshe ya faɗo ya fasa murhun banda. Aka rufe rijiya da falanki aka ɗora bulo, don gudun kada wani ya faɗa. Matar da ta shayar da rabin unguwa ta koma yawon roƙon ruwa da bokiti.

Duk ɓarnar da Alhaji ya yi, sai Barista ya sa Fatiha ta rubuta masa wasiƙar gargaɗi mai zafi. Sannan ta rubuta wa kamfani ta biyu, ana sanar da su an gargaɗi Alhaji. Sannan ta uku zuwa ga mazauniya, ana tuna mata ta farko. Dukansu a dubi agogo. Ranar Juma'a kuma wa da ƙane su haɗu a masallaci, su tafi gida ɗaya su ci tuwo a kwano ɗaya.

Ruwa ya sauka. Katangar baya da ba ta da abin jingina ta zube. Awakin kasuwa suka samu hanya, karnuka suka gane inda kifi yake. Sabuwa ta daina banda da yawa, sai ɗan abin da za ta iya tsarewa da sanda. Masu sarin da suka saba zuwa daga ƙetaren iyaka suka koma wajen wata. Ɗakinta ya fara yoyo ta inda aka ɓamɓare kwanon da ke jikinsa. Ta ja gado gefe, yoyo ya bi ta. Ta kama tari, ta rame, zanin da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma zagaye biyu. Maƙwabta suna shigowa su ce sannu, su fita su ce ai shari'a ce, ba mai ja da ita.

Wata ranar kasuwa Fatiha ta same ta kwance, jiki kamar garwashi. Ta sayo magani, ta dama kunu, ta zauna tana goga mata tsumma mai sanyi a goshi. Sai bayan la'asar zazzaɓin ya sauka. Ta gyara mata mayafi, ta ɗauki jaka, hannunta ya tafi inda ya saba. Ta duba waya, ta ciro takarda, ta rubuta.

"Wai mi kike rubutawa kullum in za ki tahi?" in ji Sabuwa daga kwance. "In kin shigo ki dubi abin ga, in za ki hita ki dube shi. Na daɗe ina lura."

Fatiha ta yi dariya. Ta ga ga abin da zai faranta wa mara lafiya rai. Ta zauna ta bayyana mata dalla-dalla: yadda ake sayar da awa, yadda duk zuwanta ake rubuta shi a matsayin tattaunawa, yadda kamfani ke biya ba tambaya. "Kin gani, Inna? Su na can suna zaton lallashinki nike. Kuɗinsu kawai muke ci."

"Muke?"



Sabuwa ta yunƙura ta tashi zaune, ta jingina da bangon da ya jiƙe. "Ranar da kinka yi min kitso, an sayar?"

"Inna…"

"An sayar. Ranar da munka zauna muna tuna ubanki, kina kuka ina kuka?"

Fatiha ta naɗe takardar, ta tura cikin jaka.

"Yau ma da kinka yini kina goga min ruwa, ta shiga. To ta ƙara tsada ko, tunda da ciwo?" Ta yi tari mai tsawo, ta tofa a kasko. "Ni da nike banda tun ba a haife ki ba, ban gane ba. Kifi ba a sa mai wuta da yawa, sai ya ƙone a yi asara. Kaɗan-kaɗan ake sa mai, ana juyawa. Ashe ni ce bisa wagar. Alhaji na tura itace, Barista na rage wuta, ke kina juya ni."

"Wallahi Inna, kewarki ke kawo ni."

"Na yarda. Wa ke biyan mota?"

Fatiha ta fashe da kuka. Uwar ba ta rarrashe ta ba. Ta ce, "Tashi ki tahi, kada dare ya yi miki. Kuma kada kuɗin ya yi ma mutanen Legas yawa, su ma 'ya'yan wasu ne."

Mako ya zagayo. Barista ya miƙo kuɗin mota da sabuwar wasiƙa, ya ce a gaida mazauniya da jiki. Fatiha ta isa Lolo ta hau tudun yashi, tana gangarawa ta ga kaya a ɗaure a tsakar gida: gado, tukwane, wagar banda, akwatin ƙarfe. Kawunta Bunyaminu, ƙanen Sabuwa da ke zaune a ƙetaren iyaka, ɓangaren Jamhuriyar Benin, yana loda su a amalanke. Bai amsa gaisuwarta da kyau ba.

"Inna, mi ke nan? Barista ya ce ba gaggawa. Za ki iya kai har kaka, wallahi har gaba."

"Na sani. Shi ya sa."

Sabuwa ta shiga ɗakin ta fito hannu wofi. Ta tsaya ta dubi bangon, ta ɗan shafa shi da tafin hannu, ta goge a zani. Ba ta yi kuka ba, tari ne kawai ya dame ta.

"Bari in bi ki," in ji Fatiha.

"Ki bi ni ki yi mi? Ki koma ki gama koyon aikinki. Kin riga kin biya kuɗin makaranta da gidan ubanki, kada ki bar shi a banza." Ta ɗaura kallabi. "Can ƙetare, in za ki zo, ki zo da kuɗin motarki. In ba ki da su, yi zamanki. Na fi son in yi kewarki kyauta."

Amalanke ya ratsa kasuwa, mutane suna matsawa suna kallo. Fatiha ta bi su a ƙafa har inda motoci da babura ke juyawa, ta tsaya. Uwar ba ta waiwayo ba.

Da ta koma ofis ta faɗa wa Barista gida ya zama wofi, ta zaci zai ce madalla. Sai ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

"Ta tashi? Wa yac ce ta tashi? Jiya-jiyan ga na rubuta ma kamfani cewa magana ta yi tsauri, sai bayan kaka, wataƙila ma sai an je kotu! Ke ina kike har ta ɗaure kaya? Aikin mi na aike ki?" Ya zagaya tebur, ya dafe kai. "Kira ta. Kira ta yanzun ga, ki ce ta dawo. Haba! Mace ta bar wurin da ta yi aure ta haihu haka kawai? Gidan mijinta ne fa!"

Fatiha ta dube shi. Tun da aka binne ubanta, wannan ne karo na farko da wani a dangin ya kira gidan da wannan suna.

Ba ta kira ba. Shi ya kira da kansa, Bunyaminu ya ɗauka, ya ji muryar, ya kashe.

Kafin a yanke shinkafa katafila ta share gidan. Alhaji ya karɓi cikonsa, ya yanka rago ya yi wa iyayensu sadaka, da ɗan'uwansa Haliru, Allah ya jiƙansa. Aka taru a ƙofar gidan Barista, liman ya yi addu'a, ya yaba wa zumuncin gidan Malam Zayyanu, inda aka raba gado ko ƙara ba a kai wa alƙali ba. Fatiha ce ke fito da kwanonin abinci tana ajiyewa a zaure. Nan ta ji wani dattijo daga Lolo ya yi ƙarfin halin tambaya, shin ina matar Haliru ta ƙare, don an ce ta bar gari ba daɗi.

Alhaji ya ajiye ƙashin da yake tsotsa, ya yi ajiyar zuciya. "Malam, wannan magana tana min ciwo. Ni dai ko sau ɗaya ban buɗe baki na ce mata ta tashi ba. Ɗiyar cikinta ce ta rubuta takardu da hannunta, ta yi ta zarya duk ranar kasuwa, har sai da ta ga bayanta. 'Ya'yan yanzu sai addu'a."

"Ni kuwa," in ji Barista, "Allah shaida, yarinyar ga shaida, cewa na yi kada a yi mata gaggawa. Ranar da ta tahi ma, har waya na buga ina neman ta dawo."

Jama'a suka girgiza kai, suka ce Allah ya shirya mana zuri'a. Dattijon ya juyo ya ƙare wa Fatiha kallo, ya janye ƙafarsa daga inda za ta ajiye kwano.

Ta tsaya da tuwo a hannu, tana laluben abin da za ta ƙaryata a cikin maganar mutum biyun nan. Ta bi ta kalma-kalma, yadda aka koya mata bin takarda. Ba ta samu ko ɗaya ba.